Filin Sanin Sama: Kallon Taurari da Madubin Hange Daga Tsakar Gida

In an gama sallar lisha a ƙauye, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba abin da ke gaban ido kamar sama. Manomi ya san Kaza da ƴaƴanta. Makiyayi ya san Gamzaki, domin shi ke gaya masa asuba ta kusa. Yara ma sun san Zara matar wata. Wannan sani tsoho ne, gadon kaka da kakanni. A wannan wata, filin zai yi bayani kan wani kayan aiki mai ƙara wa ido ƙarfi, watau madubin hangen nesa, da abin da mutum zai gani da shi ba tare da ya fita ƙofar gidansa ba.

Mine ne madubin hange?

Madubin hange bututu ne mai tsawo, ana ɗora shi bisa ƙafafu. Iri biyu ne. Akwai mai gilashi a baki. Akwai mai madubi a gindi, mai zurfi kaɗan kamar ƙoƙo. Mutum yana sa ido a wani ƙaramin gilashi, ya leƙa.

Babban aikinsa tara haske ne. In ana ruwa, wanda ya tara babbar roba ya fi wanda ya tara moɗa samun ruwa. Hakanan haske yake. Baƙin tsakiyar idon mutum, in ya buɗe da dare, faɗinsa bai wuce milimita 7 ba. Madubi mai faɗin baki milimita 70 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 100. Shi ya sa tauraron da ido bai gani ba yake fitowa sarai. Bayan tara haske, yana kuma ƙara girman abin da ake kallo.

Makaɗin da ya gano duniya a bayan ɗakinsa

Ba sai mutum ya yi dogon karatu ba kafin ya shiga wannan aiki. Labarin Wiliyam Harshal shaida ne. An haife shi a Jamus a 1738, ya koma Ingila da zama, a garin Bath. Sana'arsa kiɗa da koyar da kiɗa. Da rana yana neman abincinsa, da dare yana kallon sama. Ba ya da kuɗin sayen babban madubi, sai ya koyi ƙerawa da kansa. Yakan narkar da jan ƙarfe da kuza, ya zuba, ya yi ta gogewa da hannu har ya yi sheƙi. Wata rana ya yi awa 16 yana guga bai ɗaga hannu ba, ƙanwarsa Karolin tana ba shi abinci a baki. Sa'ad da ya so zuba babban madubi, da busasshen kashin doki aka yi mazubin. Karolin ce ta daka shi a turmi, ta tankaɗe.

A daren 13 ga watan Maris 1781, Harshal ya kafa madubinsa a lambun bayan gida. Tsawon madubin kamar mita 2 ne, faɗinsa santimita 16. Yana bin taurari ɗaya bayan ɗaya, yana neman waɗanda suke biyu-biyu. Sai ya ga wani abu mai ɗan faɗi, ba kamar sauran ɗigogin haske ba. Ya rubuta wurinsa. Bayan kwana kaɗan ya sake dubawa, ya tarar ya gusa. Da fari ya zaci tauraro mai wutsiya ne. Da masana suka yi lissafi, aka gane duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, sai dai tana da nisa ƙwarai. Ita ce ake kira Yuranus. Shekara 84 take yi kafin ta gama zagaye ɗaya. Sarkin Ingila ya yanka masa albashi, ya bar kiɗa ya tsaya ga taurari. Karolin ma da kanta ta gano taurari masu wutsiya guda 8.

Har a zamanin nan masu kallo daga gida suna taimakon masana. A ranar 19 ga Yuli 2009, wani mutumin Ostareliya, Antoni Wesli, ya ga baƙin tabo a jikin Mushtari da madubin da ya haɗa a gidansa. Manyan masana suka duba, suka tabbatar wani abu ne ya faɗo daga sarari ya bugi duniyar.

Masu zama da masu yawo

Abin da ya kamata mai kallo ya fara sani shi ne, taurarin da ake gani kashi biyu ne. Kashi na fari su ne masu zama. Kowane ɗayansu rana ce mai wutar kanta, nisa ne ya sa ya zama ɗigo. Suna fitowa gabas su faɗi yamma tare, ba mai barin maƙwabcinsa. Kowace shekara suna komowa a lokaci guda. Kaza tana cikinsu. Takan yi ƙasa a yamma da almuru cikin watan Afrilu, ta ɓace cikin Mayu, ta sake fitowa gabas da asuba cikin Yuni. Haka take yi bana, haka za ta yi baɗi.

Kashi na biyu su ne masu yawo. Guda 5 ne ido ke gani. Malamai sun san su da sunayen Larabci: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Waɗannan duniyoyi ne. Ba su da wutar kansu, hasken rana ne ke dukansu, kamar yadda yake dukan wata. Suna ratsa sauran taurari sannu-sannu, bana nan, baɗi can. Alamarsu ita ce haskensu a tsaye yake, ba ya yawan ƙyaftawa kamar na masu zama.

Wannan bambanci yana da amfani ga manomi da makiyayi. Wanda ke lissafin lokacin damana ko na komowar dabbobi da taurari, sai ya riƙe masu zama. Masu yawo ba su bin shekarar noma. In bara Zara ta haska da almuru lokacin shuka, bana ba lalle a gan ta a wannan lokaci ba. Wanda ya jira ta zai makara, wanda ya ga ta fito da wuri ya zuba iri yana iya yin asarar irinsa. Hakanan in Mirrihu ya yi ja ƙwarai, ba alamar yaƙi ko fari ba ce. Lokacin kusantowarsa ne ya yi, kuma an san lissafinsa tun kafin ya zo.

Zara da Gamzaki

Mutane da yawa suna ɗaukar Zara dabam, Gamzaki dabam. Abu ɗaya ne, watau Zuhura. Tana zagaya rana ta cikin hanyar duniyarmu, shi ya sa ba ta yin nisa da rana. Takan yi wajen wata 8 ana ganin ta yamma da almuru, a ce Zara. Sai ta ɓace kwana kaɗan. Sai ta fito gabas da asuba, ta yi wajen wata 8 kuma, a ce Gamzaki. Daga nan ta ɓuya bayan rana kusan wata biyu. Dukan tafiyar kwana 584 ce. Ba a taɓa ganin Zara da Gamzaki a dare ɗaya suna haskawa sosai ba, ɗaya da almuru ɗaya da asuba. In an ga babban tauraro fari a tsakiyar sama da tsakar dare, ba ita ba ce. Galibi Mushtari ne.

Mai madubi yana iya bin wannan tafiya da idonsa. Sa'ad da Zara ta fara fitowa da almuru, ƙarama ce, kusan a kewaye. Bayan watanni sai ta zama rabi, kamar watan kwana bakwai. Daga baya ta ƙara girma, ta zama siririya kamar jinjirin wata. A wannan siffa take ɓacewa, a wannan siffa kuma Gamzaki ke fitowa da asuba. Galileyo, mutumin Italiya, shi ya fara ganin haka a 1610. Zuhura ta kusa kai duniyarmu girma. Gajimare mai kauri ya rufe ta ruf, zafin ƙasarta kuwa ya wuce digiri 450, ya isa ya narkar da dalma.

Mushtari da ƴaƴansa

Mushtari shi ne babba cikin duniyoyin da ke zagaya rana. Sai an jera duniyarmu sau 11 kafin a kai faɗinsa. Zagayensa ɗaya kusan shekara 12 ne. A cikin madubi yana fitowa kamar farin ƙwallo, da zane biyu masu duhu a cikinsa. Zanen nan gajimare ne.

Abin da ya fi daɗin kallo shi ne ɗigogi 4 da ke jere kusa da shi a layi ɗaya. Watanninsa ne, suna zagaya shi kamar yadda wata ke zagaya duniyarmu. Galileyo ya gan su a watan Janairu 1610. Na kusa yana gama zagaye cikin ƙasa da kwana 2, na biyu kwana 3 da rabi, na uku kwana 7, na nesa wajen kwana 17. Saboda haka jerinsu yana sakewa kullum. Yau biyu dama biyu hagu, gobe uku gefe ɗaya, jibi ɗaya ya ɓuya bayan uban. Wanda ya koyi rubutu ya sami wurin gwada hannunsa. Ya ɗauki littafi da fensir, ya rubuta kwanan wata, ya zana ƙwallo da ɗigoginsa. In ya yi haka dare 10, zai gane tafiyar kowanensu da kansa.

Zuhalu da Mirrihu

Zuhalu bai kai Mushtari haske ba, launinsa ya ɗan yi ruwan ƙasa-ƙasa. Amma duk wanda ya fara ganin sa cikin madubi sai ya riƙe baki. Ƙwallo ne da zobe kewaye da shi, zoben bai taɓa jikinsa ba. Madubin da ke ƙara girma sau 30 zuwa 50 ya isa a gan shi. Zoben tarin gutsattsarin ƙanƙara ne da tsakuwa, suna zagaya duniyar. Yana da faɗi ƙwarai amma ba kauri, kamar faifai. Bayan kowace shekara 13 zuwa 16, faifan yakan juyo da gefensa, ya zama kamar zare har ya kusa ɓacewa. Haka ya faru a watan Maris 2025. Daga nan yana buɗewa sannu-sannu, zai kai iyakar buɗewarsa a 2032. Zuhalu yana yin shekara 29 da rabi a zagaye ɗaya.

Mirrihu shi ne ja. Ƙasarsa tana da tsatsar ƙarfe, ita ke ba shi wannan launi, kamar jar ƙasar marmara. Ƙarami ne, rabin faɗin duniyarmu. Yawancin lokaci ba a ganin kome a jikinsa sai ɗigo ja. Amma bayan kowane wata 26 yakan kusanto. A watan Agusta 2003 ya matso har kilomita miliyan 56. A irin wannan lokaci, madubi mai kyau yana nuna farin tabo a kansa kamar hula. Ƙanƙara ce.

Taurari tagwaye

Ido ya ɗauki Zara da Gamzaki biyu, alhali ɗaya ne. Akwai kuma taurarin da ido ke ɗauka ɗaya, alhali biyu ne. Su ne Harshal ke nema a daren da ya yi gamon katar. A rayuwarsa ya rubuta irinsu fiye da 800.

Tagwayen nan iri biyu ne. Wasu layi ne kawai ya haɗa su, kamar gawo biyu da mutum ya hango a daji ya zaci a manne suke, sai da ya matsa ya ga ɗaya na nan kusa, ɗaya na can nesa. Wasu kuwa tare suke da gaske, suna zagaya juna. Harshal ya auna wasu, ya rubuta, ya sake aunawa bayan wajen shekara 25. Ya tarar sun juya. A 1803 ya bayyana cewa suna zagaya juna ne. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ga guda uku masu sauƙin samu.

Na fari yana cikin Zira'a. Malamai masu lissafin taurarin shekara suna ƙirga Zira'a cikin taurarin damana, domin a lokacin ne rana ke sauka wurinta. Ganin ta da almuru kuwa sai daga Janairu zuwa Afrilu, can sama, ta karkata arewa kaɗan. Taurari biyu ne masu haske, kusa da juna. Ɗaya ya ɗan yi rawaya. Ɗayan fari ne, shi ya fi karkata arewa, Turawa na kiransa Kasto. In an sa masa madubi mai ƙara girma sau 80 zuwa 100, sai ya rabu biyu, fararen ɗigo biyu kamar idanun mage a duhu. Yana cikin waɗanda Harshal ya kafa hujja da su. Zagayensu ɗaya ya fi shekara 400. Da manyan na'urori an gane rana 6 ce a wurin. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, duk da haka sai ya yi shekara 51 yana tafiya daga Kasto kafin ya iso. Hasken da ɗan shekara 51 zai gani daren yau, ya taso ne a shekarar da aka haife shi.

Na biyu yana arewa. Daga Maris zuwa Yuni da almuru ana ganin taurari 7 masu siffar ludayi. Abzinawa makiyaya suna ganin siffar taguwa a wurin. A duba mariƙin ludayin, tauraro na biyu daga ƙarshe. Sunansa Mizar. Mai ido da kyau zai ga wani ƙarami a gefensa, Larabawa na kiransa Suha, da shi suke gwada ƙarfin ganin mutum. Wannan ba ya bukatar madubi. Amma in an sa madubi, Mizar kansa sai ya rabu biyu.

Na uku shi ne mai ado. Daga Agusta zuwa Oktoba da almuru, akwai manyan taurari 3 a tsakiyar sama, sun tsaya kamar duwatsun murhu. Kusa da tsakiyarsu akwai wani madaidaici, sunansa Albireyo. Ƙaramin madubi ma yana raba shi. Ɗaya ruwan zinariya ne, ɗaya shuɗi. Launin yana nuna zafi. Maƙeri ya san ƙarfe yana fara ja, ya koma rawaya, ya koma fari in wuta ta yi ƙarfi. Hakanan taurari suke. Ja shi ne mai ƙarancin zafi, shuɗi shi ne ya fi kowa.

Shawara ga mai son farawa

1. A fara da ido. A san Kaza, Zira'a da ludayin arewa tukuna. A tambayi tsofaffi da makiyaya sunayen da suka sani, a rubuta kafin su ɓace.

2. Madubi mai ido biyu, irin wanda ake ratayawa a wuya, yana da amfani. Wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa ya fi dacewa. In an jingina hannu bisa katanga don kada ya yi rawa, yana nuna ramukan wata, da ƴaƴan Kaza masu yawa, har da watannin Mushtari. Zoben Zuhalu kam sai babban madubi.

3. In za a sayi babba, a duba faɗin bakinsa. Kada ya gaza milimita 60 ko 70. Kada a ruɗu da kwalin da aka rubuta yana ƙara girma sau 500. Mai baki milimita 70 iyakarsa wajen sau 140, abin da ya wuce nan dishi-dishi ne. A girgiza ƙafafunsa. In suna rawa, a bar shi. Araha ba ta ado.

4. Kaya ne mai tsada ga mutum ɗaya. Ƙungiyar manoma, ko ajin yaƙi da jahilci, ko malaman lakkwal, suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a riƙa kallo bi da bi.

5. A zaɓi dare. Bayan ruwa ya wanke ƙura, da lokacin kaka kafin hazo ya sauka, sama ta fi kyau. Daren buji ba ya da amfani. A jira abin da ake so ya hau sama sosai, domin kusa da ƙasa iska tana sa shi rawa.

6. A kashe fitila da cocila, a aje salula. Ido yana son minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. In za a yi rubutu, a ɗaura jan ƙyalle a bakin cocila.

7. Kada a damu in abu ya fito kai ƙasa, haka yawancin madubai suke. In kuma tauraro ya gudu daga gilashin cikin minti ɗaya ko biyu, ba madubin ya lalace ba. Duniyarmu ce ke juyawa. Sai a tura bututun kaɗan, a bi shi.

8. A rufe gilashin in an gama. Kada a goge shi da bakin riga, ƙura tana kankare shi.

Gargaɗi

Kada kowa ya kuskura ya dubi rana da madubin hange, babba ko ƙarami, ko da sau ɗaya. An san yadda gilashi ke tara hasken rana ya kunna busasshiyar ciyawa. Haka madubi zai ƙone cikin ido nan take. Ba a jin zafi lokacin, kuma likita ba ya iya mayar da abin da ya ƙone. Baƙin tabarau, da gilashi mai hayaƙi, da baƙar leda, duk ba su tsare ido. Ranar husufin rana ma haka ne. Mai neman Zara ya jira rana ta faɗi sarai. Mai kallon Gamzaki ya rufe madubinsa kafin ta fito. Da rana a ɓoye shi inda yara ba su kai. Rigakafi ya fi magani.

Mutanen manyan birane suna tafiya mai nisa da mota don neman duhun da za su ga taurari, saboda wutar lantarki ta rufe masu sama. Mutumin ƙauye da na ruga yana da wannan duhu a tsakar gidansa kyauta. Abin da ya rage masa shi ne ya duba, ya rubuta, ya nuna wa yara. Gani ya kori ji.

A fitowa ta gaba, filin zai yi bayani kan wata, da ramukansa, da dalilin husufi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.